Mai Raunin Kamfani

A mahaƙar dutsen, ran Larabar ƙarshen wata ake atisayen ceto. Ana busa jiniya, a kashe injin niƙa dutse, wani ya kwanta a gindin rami kamar dutse ya faɗo masa. Dogo ne ke kwanciyar kullum, don ba wanda ya kai shi iya ihu. Sai a naɗe masa hannun hagu, motar asibiti ta kai shi bakin get ta juyo. A tafa, a raba lemo.

Wannan Larabar akwai baƙi daga hedikwata, sanye da sababbin hulunan kwano. Dogo na gangarawa zuwa inda ake shimfiɗa masa kwali, sai gefen rami ya zabtare. Dutse ya danne masa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Jiniya ta tashi a kan lokaci.

Jami'in kiyaye haɗari ne ya fara isowa, da usur a wuya.

"Dogo, ba nan ne wurinka ba. Ga kwalinka can."

"Oga, ƙafata."

"Hannu. Hannu muka tsara."

Dogo ya yi ihun da bai taɓa yi ba. Wata baƙuwa ta ce wa manaja a wasu wuraren 'yar tsana ake kwantarwa, amma nan har jini an tanada. Manaja ya ce ai su ba sa wasa da lafiyar ma'aikata.

Ma'aikacin jinya, wanda ake kira Likita don babu wani, ya durƙusa ya taɓa jinin, ya ji shi da ɗumi. Ya je ya yi wa manaja raɗa. Manaja ya saci kallon baƙi.

"Ƙarasa yadda aka saba. In sun tafi sai mu duba."

Ƙarti suka ture dutsen. Likita ya naɗe hannun hagu da farin bandeji, shi kaɗai ne a akwatin. Ƙafar kuwa da bel ɗin wandonsa ya ɗaure ta.

Direban motar ƙanen matar Dogo ne. Da aka saka Dogo aka rufe ƙofa, ya waiwayo yana dariya.

"Yaya, yau kam ka cika gishiri."

"Tuƙa. In ka juyo a get, kai za ka je ka yi wa yayarka bayani."

Direban ya ga ƙashi. A bakin get ya bi ta kan sandar da mai gadi ke tare hanya da ita, ya miƙe hanyar gari. Baƙi suka tafa. Manaja ma ya tafa, a hankali.

Ba su yi nisa ba motar ta shaƙe ta tsaya. Man da ake zuba mata na zuwa get ne da dawowa. Suka gasu a rana har wata tifa ta biyo, aka kwantar da Dogo a kan tsakuwa. A asibiti likitan gari ya kwance bel ɗin, ya duba, ya ce sai dai a yanke.

An kori direban saboda fita da motar kamfani ba izini da kuma karya sanda. Dogo kuwa kamfani bai yar da shi ba. Manaja ya zo har gida, ya zauna a kujerar tsakar gida, ya ce tunda rami ya fi ƙarfinsa yanzu, an ba shi aikin atisaye na dindindin. An ma gyara tsarin, daga yanzu ƙafa ce.

"Hedikwata sun yaba," in ji shi. "Sun ce a riƙa zagayawa da kai sauran mahaƙai."

Matar Dogo ta ɗauke kofin ruwan da ta ajiye wa baƙon tun bai kai hannu ba. Dogo ya dubi takalman yaransa a bakin ƙofa, ya tambaya yaushe zai fara.