Jan Gashin da Ke Cikin Gwangwanin Shayi

Shekara sittin ina ajiye da jan gashin tsuntsu a gwangwanin shayi. Ina 'yar shekara goma na tsince shi, na soke a kaina ranar rawar kara, bikin 'yanmata na shekara-shekara a fadar sarki da ke Lobamba. Uwar rawa ta fizge shi a gaban 'yanmata duka.

"Ke 'yar wace ce? Jan gashi na 'ya'yan sarki ne!"

Na tsince abina daga ƙasa, na ɓoye. Har na yi aure ban daina mafarkin an zo an ce ni gimbiya ce ba.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan, sai kaji. Bana jikata Tengetile ta zo hutu daga Manzini. Na ƙudurta ita zan ba, don kada in mutu a zubar da shi da shara. Amma yarinyar nan ba ta ɗaga kai daga wani littafin zane, na wata mata mai tashi sama tana ɗaga motoci.

"Ke ja'ira, ajiye wannan shirmen ki zo."

Na buɗe gwangwanin, na ba ta labarin duka.

"To Gogo, gimbiyar me take yi?"

"Tana gaba a rawa. Kowa na kallonta."

"Shi ke nan? Tawa fa jirgin ƙasa ta tare da hannu ɗaya."

"Taki ko zani ba ta da shi, mara kunya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta karɓi gashin, ta juya shi, ta cusa a littafin don kada shafi ya ɓace mata. Na ƙyale ta. Aƙalla zai bi ta gida.

Ran Lahadi uwarta ta zo ta tafi da ita. Da na shiga ɗaga tabarma, sai ga littafin a kan matashina, gashin na leƙowa. Na kira wayar uwar, ta miƙa wa yarinyar.

"Kin manta kayanki."

"Ban manta ba, Gogo. Na bar miki ita ta riƙa taya ki zama."

"Gashin fa?"

"Ai naki ne."

Ban iya karatu ba. A shafin da gashin yake, matar na tsaye ita kaɗai a kan rufin wani dogon gida, gari duk yana ƙasa. Kullum in na ba kaji tsaba, nakan buɗe in duba ta. Gwangwanin kuwa na zuba gishiri a ciki.