Rasuwar Malam Jiya

Malam Jiya yana tsakiyar hawa matakalar benen coci, hannu ɗaya dafe da ɗinkin cikinsa, ɗayan rungume da takardun jarrabawa, sai ya ji an kaɗa ƙararrawar fara Mas, babbar ibadar cocin. Bai ƙara sauri ba. Likita ya ce kada ya yi gudu, kada ya ɗauki kaya, kada ya yi dariya, kuma cikin ukun babu wanda ya taɓa zama ɗabi'arsa.

Jiya ba sunansa ba ne. Yara suka laƙaba masa, domin shi ne malamin tarihi, kuma ko yaƙin da aka yi tun kafin a haifi kakan kakansu yake ba da labari, sai ya ce, "Kamar jiya aka yi shi." Sunan ya bi shi har ya danne na baftisma. Ita kanta Sista, shugabar makarantar, da shi take kiransa.

A saman benen akwai wani tsohon piyano da ya daina kuka. Bayansa Malam Jiya ke lafewa duk ranar da aka yi doguwar ibada, yana duba takardu, yana amsa "Amin" inda ya dace. Yau ranar rufe shekara ce, kuma ranar da zai ajiye aiki. Tunda aka kwantar da shi asibiti babu wanda ya sa shi a ido a makarantar, ga shi ta ƙofar baya ya shigo, don ita ta fi kusa da inda mota ke sauke shi.

Fadan makarantar, wato limamin cocin, ya yi tafiya, aka aro wani tsohon Fada daga gidan da suke hutawa. Kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai ranar da ya ga dama. Da aka gama karatu ya dafa mumbari, ya dubi ɗalibai ta saman tabarau.

"'Ya'yana," in ji shi, "ƙarshen shekara ƙanin ƙarshen rayuwa ne. Na shirya muku wa'azi a kan haka, amma Ubangiji ya riga ni yi. Ɗazu a bakin ƙofa Sista ta shaida mini cewa malaminku na tarihi, jiya ya bar mu."

Cocin ya yi tsit. Can wata yarinya a sahun gaba ta fasa ƙara, sauran suka kama.

Jan biron Malam Jiya ya tsaya a kan takarda. Nan take ya gane inda gizo ya yi saƙa. Sista ta ce Malam Jiya zai bar mu, kunnen Fada ya yi nasa aikin. Ya leƙa ta ramin katako yana neman Sista ta gyara zancen. Kujerarta wayam. Ta tagar bene ya hango ta can bakin babbar ƙofa tana jayayya da direbobin da suka zo kwasar yara suka tare hanya. Malamai kuwa sai kallon juna suke. Kowa ya san mutumin yana asibiti, kuma wa zai ƙaryata Fada a kan mumbari?

Ya yunƙura zai miƙe, ɗinkin ya ja shi ya koma. Ya buɗe baki, sai ya tuna tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa katse Fada yana wa'azi ba. Me ma zai ce? "Gafara dai, Fada, ina nan"? Ya ce a ransa bari ya jira a kai aya.

"Ni ban san marigayin ba," Fada ya ci gaba. "Ku kuka san shi. Duk mai abin faɗa ya taso."

Malam Jiya ya rufe biro. Ya gyara zama.

Shugaban ɗalibai ya fara fitowa, majina har leɓe. "Malam bai taɓa kai mu ƙarshen wani yaƙi ba," in ji shi. "Kullum ana gab da gamawa sai a kaɗa ƙararrawa. Ya ce sai ya dawo daga asibiti. Yanzu har abada ba za mu san wanda ya ci ba."

"Yana shafi na ƙarshe, sakarai," Malam Jiya ya ce a ƙasan maƙoshi. "Buɗe littafin ne ba ka yi."

Wata yarinya ta ce ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ya ba ta lemarsa kyauta, har yau tana gidansu. Aro ya ba ta. Ya yi damina guda yana neman lemar nan. Malamin wasanni ya tashi ya ba da labarin yadda marigayin ya kashe maciji a ɗakin kwanan yara da hannunsa. Malamin labarin ƙasa ne ya kashe macijin, yana zaune a nan yana gyaɗa kai, ya bar wa mamaci.

Sai ga Mataimakin Shugaba. Shekara da shekaru shi da Malam Jiya suna zaman doya da manja saboda kujerar da ke jikin taga a ɗakin malamai. Ya fito yana share ido da hankici.

"Ba abokin aiki na rasa ba," in ji shi, "ɗan'uwa na rasa. Kujerar nan tasa, ba zan bari kowa ya zauna a kanta ba. Ni da kaina zan riƙa zama, don tunawa da shi."

Malam Jiya ya danne cikinsa da hannu biyu. Dariyar da likita ya hana ce ta zo masa, a rana mafi rashin dacewa.

Daga nan sai malamar lissafi ta miƙe. Tsohuwar ɗalibarsa ce, ba mai yawan magana ba. Ba ta je gaba ba, daga inda take ta yi magana.

"Shekarar da mahaifiyata ta rasu ni ke renon ƙannena," in ji ta. "Kullum barci nake yi a ajinsa. Bai taɓa tashina ba. Sai ya zo ya tsaya a bakin taga, ya kare ni da jikinsa, don kada Sista ta gan ni in tana wucewa. Zangon karatu guda yana yi. Da an kore ni a lokacin, da ban tsaya a nan ba. Kullum ina cewa gobe zan yi masa godiya."

Ta zauna ta rufe fuska.

Malam Jiya ya tuna ajin. Ya tuna tagar. Iska yake sha a wurin, don ajin zafi gare shi kamar tanda. Yarinyar kuwa, iya saninsa bai ma lura tana barci ba. Ko ya lura? Ya yi ta lalube a ransa bai samu tabbas ba. Sai kawai ya ji ɗumi a kumatunsa, hawaye ya ɗiga a kan takardar wani yaro ya narkar da jan makin da ya ba shi.

Yana cikin haka ya hango uwar ɗakin kwanan 'yan mata ta fice ta ƙofar gefe, waya a kunne, tana dukan ƙirji. Ƙawar matarsa ce, tare suke ƙungiyar mata. Ya san matarsa take kira. Ya lalubo tasa wayar, a kashe take kamar yadda doka ta ce a coci, ya danna, ta kawo haske ta mutu. Babu caji.

Ya sauko a hankali, yana bin bango. Mawaƙa sun ɗauki waƙar raka mamaci. Farar riga ce a jikinsa, zaman asibiti ya sa ya rame ya ɗashe, ga hasken ƙofa a bayansa. Ya shigo tsakiyar coci ya ɗaga hannu ɗaya, don a saurare shi.

'Yan sahun baya suka fara ganinsa. Abin da ya biyo baya, shi da ya karantar da yaƙe-yaƙe bai taɓa karanta irinsa ba. Benci ya kife. Yara suka bi ta taga. Mai ganga ya jefar da ganga, malamin wasanni da ya yabi jarumtarsa ya tsallake layin kujeru ya riga kowa fita. Mataimakin Shugaba ya durƙusa yana cewa, "Ka riƙe kujerarka! Na bar maka!"

Fada idonsa a rufe, hannuwa a sama, bai ji komai ba. "Ka ba shi hutawa ta har abada, ya Ubangiji." Da ya buɗe ido sai ya ga coci ya kusa zama kango, ga wani ramammen dattijo a gabansa.

"Fada, ni ne malamin tarihin."

"Ɗan'uwansa ne kai? Allah sarki. Sai haƙuri."

"A'a, Fada, ni ne shi!"

"Ai na ga alama. Jini ba ya ɓuya." Ya kama hannunsa ya riƙe. "Ya sha wahala a ƙarshe?"

Malam Jiya ya dubi tsohon, ya ga idonsa ya yi ja da tausayi na gaskiya. "Da sauƙi, Fada," in ji shi.

Sista ta shigo da gudu, mayafinta ya karkace. Da ta ji abin da ya faru ta zagaya wajen kunnen Fada mai rai, ta ɗaga murya har coci ya amsa. "Zai bar mu na ce! Ritaya! Jiya sunansa ne!"

Fada ya juya maganar a ransa. Ya dubi Malam Jiya sama da ƙasa.

"To," in ji shi, "addu'a ba ta ruɓewa. A ajiye masa, zai same ta a gaba. A kira yaran mu ƙarasa Mas."

Ba a gama tattaro yaran daga filin ƙwallo ba babur ya tsaya a ƙofar coci. Matarsa ce ta diro, tela ce, igiyar awo na rataye a wuyanta, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta gan shi tsaye a kan dakali. Ta tsaya cak. Ta matso ta shafa fuskarsa, ta ja kunnensa da ƙarfi har ya ce wash.

"Baban yara, ka mutu shi ne ba ka gaya mini ba? Sai a bakin mutane zan ji?"

"Kuskure aka yi, Maman yara."

"Ina wayarka?"

"Babu caji."

"Babu caji," ta maimaita. Ta zube a kan dakalin. Ta kama gefen rigarsa ta duƙunƙune a hannu. Bai iya sunkuyawa ba saboda ɗinki, sai ya ɗora hannu a kanta ya tsaya. Har aka gama Mas, har Sista ta yi jawabin ban kwana ta miƙa masa agogon bango, matarsa ba ta saki rigar ba.

Da motar makaranta ta kawo su bakin layinsu sai suka tarar an riga an jera kujeru a ƙofar gida. Maƙwabta sun ɗora manyan tukwane. Mata suka watse da ihu, suka dawo suna taɓa shi ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta ce abincin da aka dafa ba za a zubar ba, kowa ya zauna. Aka sa masa kujera a tsakiya, yana karɓar masu zuwa gaisuwa, kowa ya iso da kuka ya koma da ƙwaryar shinkafa.

La'asar sakaliya wani tsoho ya shawo kwana da sanda, yana tafe yana rusa kuka kamar yaro. Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Rabon da su yi magana tun rasuwar mahaifinsu, a kan wanda ya kamata ya riƙe keken mahaifin, keken da tuni tsatsa ta cinye.

"Ƙanena! Wayyo ƙanena! Ni na goya shi! Ni ya kamata in riga shi!"

Ya ɗago ido ya ga ƙanen zaune da cokali a hannu. Kukan ya tsaya kamar an rufe famfo. Suka kalli juna. Tsohon ya kau da kai. Ya share fuska da hannun riga, ya ja majina, ya juya wajen matar gidan.

"Ki gaya wa mijinki na zo, na ga ƙarya ce."

"Ga shi nan, Yaya, ai yana jin ka."

"Ki gaya masa ya rame."

"Ki ce wa Yaya aiki aka yi mini," in ji Malam Jiya.

Tsohon ya dubi hanyar da ya fito, ya dubi sandarsa. Kujeru ne birjik babu kowa a kai. Ya wuce su duka, ya zo ya tsaya a kan ƙanensa.

"Ki ce masa ya matsa," in ji shi. "Kuma a kawo wani cokali."