Yaɓen Bahago

Yaya Abdurrahim akwai kafiya. Bana ya tashi haiƙan sai ya rushe gidan kakanmu na cikin garin Azare ya zuba shaguna. Ni Suwaiba na yi kuka, na yi masifa, har wani malamin kwaleji na kawo masa, ya yi masa bayanin cewa irin ginin zauren nan mai rufin baka da ake kira ɗaurin guga ya kusa ƙarewa a ƙasar Katagum. Yaya ya ce, "To Malam ya tare mana, su zauna da jemagun."

Gaskiya gidan ya zama kango. Zankwaye sun zube, indararo ya karye, azara duk ta leƙo. Amma a nan aka haifi Babanmu, wanda ya rasu muna ƙanana, ko hotonsa ba mu da shi.

Ranar da leburori za su zo, Goggo Dijatu, ƙanwar Baba, ta ce a kai ta ta yi sallama da gidan. Idonta ya tafi tuni, sai muka ɗauko ta a keke napep. Ta shiga zaure tana laluben bango, tana ba mu labari: a da mazan gidan ne ke taruwa su yi yaɓe da hannu, sawun yatsun kowa ya bushe a jiki.

Can sai ta tsaya cak.

"Allah sarki, ga Babanku! Ku taɓa ku ji. Shafar kowa gefe guda ta nufa, tasa ce kaɗai ta juya. Ai bahago ne."

Yaya ya ƙura wa bangon ido. Shi ma bahago ne. Ya sha mari a hannu a bakin kwanon tuwo, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa inda ya gado. Ya matso a hankali, ya ɗora hannun hagunsa a kan sawun, yatsa bisa yatsa.

Wallahi na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ga ƙato yana hawaye. Ni ma na ɓarke da kuka.

Muna haka leburori suka yi sallama, kowa da digarsa. Yaya bai ɗauke hannunsa daga bangon ba. Ya ce, "Ku ajiye digar nan. Cikinku wa ya iya kwaɓa ƙasa?"