Labulen da Tela Ya Yaye

"Ja labulen nan, Tela. So kake rana ta dafa min ita?"

Tela bai ja ba. Likita ya ce majinyaci na son haske da iska, ga shi Baban Kifi, maƙwabcinsa na ɗakin ƙarshe, ya daɗe kwance cikin duhu.

"Baba, kai ake jinya, ba kifi ba."

"Yaro man kaza," in ji tsohon, ya lumshe ido.

A gaban gadon akwai akwatin gilashi cike da ruwa, da jar kifanya guda a ciki. Marigayiya matarsa ce ta sayo su tun suna da yawa, suka yi ta mutuwa har saura wannan. Uwargida yake ce mata. Da yana da ƙafa, dokarsa ba ta tashi: labule a rufe, abinci ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta, duk mako a rage ruwa a zuba sabo, a kankare gilashin ta ciki da soso.

Shi kuwa Tela, da kula da ita ta dawo kansa, hannunsa a sake yake. Ya yaye labule, ya riƙa watsa wa Uwargida abinci kamar mai ciyar da kaji. Garin neman gira ake rasa ido. Rana ta samu ƙofa, ragowar abinci ya ruɓe a ƙasa, gansakuka ta fara daga kusurwa, ta haura gilashin tana shimfiɗa kore.

Wata safiya tsohon ya riƙo hannun rigarsa.

"Tela, idona ya tafi. Ba na ganin ta."

"Idonka ƙalau, Baba. Gansakuka ce."

"To kankare min. Ta ciki take, ba ta waje ba. In na ga ta gilma, sai in ji kamar mai ɗakin ce ta wuce."

"Gobe, da yardar Allah. Yau ɗinki ya sha min kai, masu kaya sun tsaya min a wuya."

"Gobe," tsohon ya maimaita, har da ɗan murmushi. "Alkawarin tela ke nan."

Goben ta haifi wata goben. Ranar da Tela ya shigo da bokiti da soso, hantsi ya riga ya dubi ludayi. Ya yi sallama, ba a amsa ba. Baban Kifi ba ya kan gado. Yana zaune a ƙasa, kafaɗarsa jingine da teburin akwatin, hannu ɗaya ya zube a cinya. Jikin ya yi sanyi.

Bayan an kai shi makwancinsa, mutane sun watse, Tela ya koma ɗakin shi kaɗai. Ya durƙusa inda tsohon ya zauna. A nan ya ga sawun yatsu a jikin gilashin ta waje, an goga, an sake gogawa, daidai tsayin idon mutum zaune. Koren yana nan ta ciki, ko gezau.

Ya naɗe hannun riga, ya tsoma soso, ya kankare daidai wurin sawun, faɗin tafin hannu. Ya tashi ya ja labule. Ɗakin ya koma duhunsa.

Jim kaɗan, wani jan abu ya zo ya tsaya a 'yar tagar da Tela ya buɗe a jikin gilashin, yana fuskantar gadon.