Baƙon Cikin Buhu

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu bai sake ni ba.

Da ma da damuwa na kwanta. Harawa ta ƙare, tunkiyata Uda ga tsohon ciki ga rama. Abin da ya rage mini shi ne buhun yankakken karan dawa da malamin gona ya barbaɗa wa irin naman kaza, wato lemar kwaɗi. Ya ce in bar shi a inuwa sai farar funfuna ta lulluɓe shi, ita ke tausasa karan har tunkiya ta ci ya karɓe ta.

Sai ga ni a wani gari inda ruwan sama ke tsatsowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa tafe yake a kan lemarsa. Tumaki ke da kasuwa. An ɗaure ni a turke, ban ga abin mamaki ba. Uda ta iso da mayafinta, ta matsa ƙuguna, ta buɗe mini baki ta duba haƙora.

"Shi wannan me ake ba shi?"

Dillali, wani rago mai tabarau, ya ce, "Alkawari, Hajiya. Safe da yamma."

"Ai ga shi nan a jikinsa," in ji ta. Kunya ta rufe ni.

Sai kuma ga ni cikin buhun, ashe zaure ne. Wani dattijo fari fat, gemu kamar auduga, yana zaune yana tauna kara yana jerawa a faranti.

"Sannu da aiki, Baba. Daga ina?"

"Ni ne Funfuna. Tauna nake yi wa tunkiyarka. Mai haƙuri ya dafa dutse ma, balle kara. Ja ƙofar nan, rana na shigowa."

Uda ta yi sallama ta zauna. Daga cikinta wata 'yar murya ta ce, "In fito, ko da saura?" Nan tausayi ya kama ni.

"Ya nuna," in ji dattijon, ya miƙa mata farantin. Ta kai baki ke nan sai ruwan garin ya juya, ya zubo daga sama kamar na kowa. Gemun dattijo ya fara narkewa.

"Wa ya ce a yi mini wanka?"

Ƙarar bokiti ta tashe ni. Na fito na tarar da Gwaggo Ladidi, ƙanwar babana da ta zo mana kwana biyu, ta zazzage buhun a baho tana cuɗawa.

"Tanimu, sai yanzu? Allah ya shirye ka. Abincin dabba duk ya yi funfuna kana ta barci. Ga shi na wanke maka tas, ko ɗigon fari babu."

Uda na tsaye a turke, ni take kallo.