Ranar da Tela Ta Riƙe Ƙarfen Dalma

"Ɗaga hannunki! Dalma ce fa, ba miya ba. Ba a zuba ta da ludayi."

Tela ta janye ƙarfen da sauri, siririn hayaƙi ya shige mata ido. Tana zaune a gefen gadon maƙwabcinta, allon cikin kwamfutarta yana kan teburin da ake ajiye masa magunguna. Tsohon, wanda duk layin ke kira Injiniya, ya jingina da matasai, gilashi a ƙarshen hanci, yana ta ba da umarni kamar ba shi ne asibiti suka sallamo suka ce a je gida a yi ta addu'a ba.

Kwamfutar nan ta girmi ɗaya daga cikin matan da ke aiki a shagon Tela, shi ya sa ake ce mata Tsohuwa. Ita ce ke tuƙa keken zayyanan da ke ɗinka bajon makarantu a aljihun riguna. Sababbin kwamfutoci ba sa jin yaren keken, kamfanin da ya ƙera shi kuwa ya daɗe da rufewa. In Tsohuwa ta mutu, keken ya zama tarin ƙarfe, shagon ya rufe, matan su koma gida su zauna. Ga shi an kusa komawa makaranta, riguna sun taru har bakin taga, sai kawai Tsohuwa ta saki wani ƙarni kamar na kifin da ya kwana, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Shekara da shekaru Injiniya ne ke tashinta duk lokacin da ta kwanta. Don haka Tela ta rungumo ta zuwa gidansa, sai a bakin ƙofa kunya ta kama ta, da matarsa ta ce mata a hankali, "'Yar nan, ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa."

Amma kunnen tsohon bai yi ciwo ba. "Wa ke nan? In Tsohuwa ce a shigo da ita."

Ya sa Tela ta kwance murfin da kanta, ya leƙa. Ya nuna mata wasu 'yan gwangwanaye da ke tsaye a kan allon, kawunansu sun kumbura. "Kafasita ke nan. Sun tsufa, sun zubar da ruwan cikinsu, ruwan ya ci hanyar tagulla. Kin ga nan da ya yi baƙi? Ƙonewa ya yi."

"To Baba, wa zan kai wa?"

"Masu gyaran yanzu? Su ce miki ki jefar ki sayi sabuwa. Ke za ki gyara."

Tela ta dubi matarsa, don a zatonta ciwon ya fara taɓa kai. "Baba, ni fa tela ce."

"Na sani. Mai zura zare a allura ba tare da gilashi ba, mene ne ba za ta iya ba? Ɗauko min gwangwanin can na ƙarƙashin gado, akwai sababbin kafasita a ciki."

A gaskiya malami ne marar daɗi. Bai iya yabo ba, bai kuma ga dalilin koyon yabon da tsufansa ba. Ya sa ta cire tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ta wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ta sake wankewa don ya ce har yanzu yana jin ƙarni. Ta ƙona ɗan yatsa, ya ce ai yatsu da yawa gare ta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta raya a zuciyarta cewa mutum yana kwance rai a hannun Allah amma bakinsa bai rage komai ba. Sai da aka zo kan hanyar da ta ƙone ne hannunta ya samu kansa. Ta kankare wurin, ta ɗauko waya siririya kamar gashi, ta haɗa bakin nan da wancan. Faci ne, ita kuwa faci ta sani.

Injiniya ya duba, ya sake dubawa. "Hmm," in ji shi. Matarsa ta ce wa Tela ta riƙe wannan da kyau, ita kanta ba ta taɓa samun fiye da haka ba.

Da rana ta yi tsaka maganinsa ya rinjaye shi, barci ya ɗauke shi baki buɗe. Tela ta dubi sababbin kafasitan, ta dubi ramukansu, ta ga ai abin bai kai a tashi marar lafiya ba. Kowanne yana da farin layi a gefe ɗaya. To, wadda ta yi rayuwarta tana haɗa zanen yadi da zanen yadi, ba za ta bar layi ya kalli nan wani ya kalli can ba. Ta jera su tsaf, duk layukan suna duban taga, ta liƙe da dalma, ta datse ƙafafun. Abin ya yi kyau har ita kanta ta yi murmushi. Ta mayar da allon, ta jona wuta, don ya farka ya tarar da aiki a gama.

Tau! Ƙarar ta cika ɗakin. Hayaƙi ya tashi, wasu 'yan tarkace kamar auduga suka watsu har kan bargon tsohon. Matarsa ta shigo a guje da cokali a hannu tana salati.

Tela ta fizge wayar wuta. "Na kashe ta, Baba. Wallahi na kashe ta."

Injiniya ya gyara gilashinsa, ya sa aka miƙo masa allon. Ya ga layukan nan a jere kamar 'yan makaranta, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya yi dariya har da ƙwalla, har tari ya sarƙe shi matarsa tana buga masa baya tana cewa, "Maigida, ka bari mana, za ka ƙarasa kanka."

"Ta yi musu ɗinki!" ya ce da ƙyar. "Tela, ba don kwalliya aka yi layin nan ba. Kowanne da inda yake fuskanta. Dubi allon, ga alama nan an zana wa kowane rami. Ki juya shi, ya fashe."

Ita dai kuka take yi, na tsoro da na kunya. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya sa ta ɗauko mitar gwada wuta, ya nuna mata inda za ta taɓa. Allon bai mutu ba. Ya numfasa, muryarsa ta sauka.

"Gara da ya fashe a gabana, 'yata. Na gaba in ya kumbura, ba za ki same ni a ɗakin nan ba."

Sai a lokacin ta gane abin da tsohon yake yi tun safe, da dalilin da ya sa ya ƙi aika ta wurin kowa. Godiya ta cika mata ciki. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki ƙarfen, ta cire na juye, ta sa wasu tana duba alama tana faɗa da ƙarfi yana gyaɗa kai. Da ta jona wuta a karo na biyu, Tsohuwa ta yi ɗan kukanta na gaisuwa, korayen haruffa suka fito.

"Kwashe ta ki tafi," in ji shi. "Da gwangwanin, da ƙarfen. Sun cika min ɗaki."

Bai kai ƙarshen makon ba. Da safe ne, Tela tana share bakin shago, ta ji kukan matarsa. Aka kai shi, aka dawo, mutane suka cika gidan suka watse. Tela ta rufe shago, ta lulluɓe keken da zane. Riguna na jira, amma ba ta ga yadda za ta tayar da inji ba alhali bango ɗaya ne tsakaninta da gidan rasuwa.

Washegari da hantsi sai ga matar marigayin a ƙofar shago, idanunta a kumbure.

"'Yar nan, lafiya keken ya yi shiru? Ko Tsohuwa ce ta sake lalacewa?"

"A'a Mama, lafiyarta ƙalau. Na ga dai bai dace ba ne."

"Ki kunna, don Allah. Kwanakin nan da suka rage masa, da ya ji ƙarar ta bango sai ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru, yana sauraron aikin ɗalibarsa. Yanzu gidan ya yi min shiru da yawa."

Tela ta yaye zanen, ta ɗaura riga a kan keken, ta danna maɓalli. Tsohuwar matar ta ja kujera ta zauna kusa da ƙofa, ta ɗora hannaye a cinya, tana kallon allura tana hawa tana sauka.