Tuwo ko Man Shanu

Shekarar da sojoji suka sauka daga mulki, likita ya ce sai Baba Giɗaɗo na Madabo ya rage ƙiba kafin a yi masa tiyata. Babban ɗansa Gali ya hana shi tuwo. Ƙaramin, Ashafa, ya hana shi man shanu da nama. Abin da ɗaya ya kawo, ɗayan ya kifar.

"Yaya, kitse za ka ɗura masa ya mutu?" in ji Ashafa.

Gali ya kwaɗa masa akushi, haƙori ya fita. Ashafa ya rarumi taɓarya ya fasa masa goshi.

Suna kokawa yunwa ta ka da Baba a bakin zaure. Jina-jina suka cicciɓe shi. Nauyinsa yana nan yadda yake.